Za mu kai yara bakin kogi, ta wane gefe za mu sauka?

Maman Khalil: Salam 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawara, hutun nan muna so mu kai yara wani kogi can cikin ƙauye su ga ruwa su yi wasa da yashi, babansu kuma yana so ya ɗan jefa fatsa. A hoto na ga inda kogin ya sha kwana akwai manyan bishiyoyi a gefe ɗaya, can nake tunanin mu shimfiɗa tabarma. Wa ya san kan abin?

Malam Sabo: Wa'alaikumus salam. Hajiya ki dubi gefen inuwar nan da kyau tukuna. Duk inda kogi ya lanƙwasa gaɓoɓinsa biyu ba ɗaya ba ne. A gefen waje ruwa ya fi gudu, yana cin ƙasa ta ƙarƙashi, shi ya sa za ki ga gaɓar a tsaye kamar an yanka ta, saiwoyi duk a waje, kuma zurfin tun daga baki yake farawa, wani lokacin ma gaɓar ta zaftare da wanda ke kanta. Gefen ciki kuwa ruwa a hankali yake tafiya yana ajiye yashi, zurfin na ƙaruwa kaɗan kaɗan. In da yara ne gefen yashin za ku sauka, ku tafi da laima.

Abban Sadiq: Gaskiya ne Malam. Amma shi mai gidan, gurbin nan na gefen waje can kifi yake taruwa, da bayan manyan duwatsu inda ruwa ke juyawa, da inda ƙaramin rafi ya shigo. Ya tsaya kan yashin ya wurga fatsar can, da sassafe ko yamma liƙis. Da rana tsaka wahala ce kawai.

Ummi: Anti ni dai in akwai ɗan tafkin da ya yanke daga kogin, irin wanda ruwansa ba ya tafiya, ai ya fi wa yara kwanciyar hankali ko?

Anti Nas: A'a Ummi, nan ne ma na fi tsoro wlh. Ruwan da ya kwanta ga ciyawa ga gansakuka nan ƙananan dodon koɗi ke zama, su ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, kuma ba sai yaro ya sha ruwan ba, ta fata take shiga yana cikin wanka. Sai bayan makonni ko watanni a ga jini a fitsari an manta ma da an je kogi. Akwai magani, praziquantel, amma gara a tambaya ko cutar na yankin kafin a bar su su shiga. Kuma ƙasan irin tafkin nan taɓo ne, yana riƙe ƙafa.

Malam Sabo: Irin tafkin nan ai tsohuwar kwanar kogin ce, ambaliya ta yanke hanya ta miƙe ta bar shi. In kin buɗe Google Maps a hoton tauraron ɗan adam za ki gan su kamar kofaton doki, har yashin ma za ki gani fari fat a cikin kowace kwana, tun daga gida ki zaɓi wurin sauka.

Ɗan Fito: Ni abu ɗaya zan ƙara, kar ku dubi saman kanku kawai. Ana iya tafka ruwan sama can sama inda kogin ya taso, ku nan rana tarwai, bayan 'yan awanni ruwan ya iso. In kun ga launin ruwa ya fara komawa ja, ganyaye da itace na biyowa, ko kun ji ruri daga sama, ku hau tudu nan take kar a tsaya tattara kaya. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, mita ɗaya ta kowace fuska na ruwa nauyinsa tan ɗaya ne fa. Ku tambayi masunta ko akwai dam a sama da lokacin da ake sako ruwa, kuma ƙasan ƙaramar madatsa kar kowa ya kusanta, ruwan wurin juyawa yake yana mai da mutum ciki.

Maman Khalil: Subhanallah, ban san duk wannan ba. To tayoyin nan da ake hurawa sun isa?

Ɗan Fito: Ba su isa ba Hajiya, suna kifewa yaro ya zame. Rigar ruwa ta ceto daidai jikinsa, a ɗaure ta tamau, in kin ɗaga kafaɗun kar ta wuce kunnensa. Da takalmin roba mai ɗauri saboda santsin dutse da kwalba, da igiya doguwa a ajiye kusa. In ruwa ya ja wani a jefa masa igiyar, shi kuma ya kwanta rigingine ƙafafu na gaba, kar ya ce zai miƙe a tsakiyar duwatsu.

Anti Nas: Kuma a ware babba ɗaya aikinsa kallon yaran kawai, ba waya ba hira, ana canji. Nutsewa ba ta da ihu.

Maman Khalil: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba taswirar yanzu, bishiyoyin a gefen wajen suke kuwa, yashin na tsallake. Za mu zagaya ta gada mu sauka can. Ɗan Fito rigar ɗan shekara 4 da shekaru ake auna ta ko da nauyi?

Ɗan Fito: Da nauyi, ana rubuta kilo a jikinta. Ki nemi mai igiyar da ke bi tsakanin ƙafafu da matashi a bayan wuya.