Bindiga mai baki biyu: kayan aiki ce ko kayan ado?

Injiniya: Jama'a, na ga farashin sabuwar bindiga mai baki biyu ta kamfanin Holland & Holland na Landan, ya haura fam dubu 100. Harsashi biyu kacal take ci. Ni dai na ce wannan ba kayan farauta ba ne, nuna arziki ne kawai. Bindiga mai sakata, wadda ake jan ƙarfe a ɗura harsashi na gaba, irin ta kamfanin Mauser tana ɗaukar uku ko huɗu a cikinta, kuma kuɗinta bai kama ƙafar wannan ba. Mai ja ya fito.

Sarkin Baka: Wace mai baki biyun? Ga tawa nan a rataye da lasisinta, ban saye ta ko kusa da haka ba.

Ɗan Auta: Baba, ba irin taka ake nufi ba. Taka ta zabi da gada ce, cikin bututunta sumul yake, ƙananan ƙarafa take watsawa. Wannan kuwa kowane bututu akwai murɗaɗɗen zane a cikinsa mai juya harsashi, ƙwaya ɗaya take fitarwa. Harsashin da ake kira .470, lambar da ke nuna faɗinsa, nauyinsa giram 32 ne, gudunsa wajen mita 650 a daƙiƙa. Ta giwa da ɓauna ce.

Sarkin Baka: To madalla. Ku ci gaba, ina jin ku.

Alhajin Garwa: Injiniya, lissafin ofis ka yi. Na yi tuƙi a wani sansanin farauta kusa da gandun dajin Benuwe a nan Kamaru, inda har yau ake farauta da izinin gwamnati, kuma Baturen da ke yi wa baƙi jagora mai baki biyu yake riƙewa. Na ɗaga ta da hannuna, ta kusa kilo biyar, amma gajera ce don ba ta da dogon gidan sakata. Kunama biyu gare ta, kowace da nata bututun da nata ƙarfen bugu. Ɗaya ta ƙi tashi, ɗayar ba ruwanta. Ka san halin ɓauna in aka yi mata rauni: sai ta shige cikin dogon ciyawa ta lafe, ba ka ganin ta sai ta taso maka daga taku goma sha biyar. A wannan tazarar wa ke da lokacin ɗaga sakata, ya ja, ya tura, ya sauke? Shi jagoran yatsa kawai zai matsar baya zuwa kunama ta biyu. Kullum da harsashi biyu maƙale tsakanin yatsun hannunsa na hagu. In ya karya ta a tsakiya, kwanson biyu su yi tsalle ta kan kafaɗarsa, ya zura sababbi ba tare da ya duba ba.

Injiniya: Alhaji, ban ƙaryata ka ba. Amma Bell ɗin nan da ake wa laƙabi da Karamojo, wanda ya yi farauta a Yuganda, giwa sama da dubu ya kashe, akasarinsu da 'yar ƙaramar .275 mai sakata. Ina baki biyu a nan?

Malamin Tarihi: Haka ne, sai dai ka bar rabin labarin. Bell ya tsaga ƙoƙon kan giwa ya nazarci inda ƙwaƙwalwa take, nan yake saiti. Kuma ɗan kasuwar haure ne, ba wanda ke tsaron ran baƙo ba. Yau a Tanzaniya doka ma ba za ta bar ka ka tunkari giwa ko ɓauna da abin da bai kai .375 ba. Amma in ƙara maka makami, Injiniya: shi kansa .375 ɗin da Holland & Holland suka fitar a 1912, an yi shi ne don mai sakata, haka .416 na kamfanin Rigby a 1911. Su ma maƙeran sun san jami'in mulkin mallaka mai ƙaramin albashi ba zai iya sayen mai baki biyu ba.

Ɗan Auta: Malam, me ya sa take tsada haka? Ba bututu biyu ba ne kawai aka manna?

Malamin Tarihi: Mannawar ce aikin. Dole harsashin dama da na hagu su faɗa wuri guda a tazarar da aka zaɓa, misali mita 50. Maƙerin zai harba, ya narke darmar da ke tsakani, ya matsar da bututun ɗan kaɗan, ya sake harbawa, haka haka har su daidaita. Kuma daidaiton na nau'in harsashi ɗaya ne. Ka canza nauyin harsashi ko albarushi, sai su rabu. Shi ma .470 ɗin yana da tarihi: a 1907 Ingila ta hana shigar da harsashin .450 Indiya da Sudan, don gudun kada ya faɗa hannun masu tawaye da ke riƙe da tsofaffin bindigogin Martini masu cin harsashi mai irin wannan faɗin. Sai maƙera suka ƙaro masa faɗi kaɗan suka kauce wa dokar.

Hajiya Likita: Ku yi haƙuri in sa baki. Kenya ta haramta wannan farauta tun 1977. Ragowar giwayen Yankari kuwa kariya suke nema, ba muhawarar wace bindiga ta fi kayar da su ba.

Alhajin Garwa: Gaskiyarki Hajiya, ba mai zuwa Yankari da ita. Maganar ƙira muke yi.

Injiniya: To Malam ya ba ni hujja da bakinsa. Bindigar da ba ta da tabbas in an wuce mita ɗari, ba ta karɓar kowane harsashi, kuma bayan biyu sai ka tsaya ɗuri. In na uku ake buƙata fa?

Alhajin Garwa: In ɓauna ta taso, na uku ba ya zuwa, ko da wace bindiga kake. Ko ta faɗi a biyu, ko ta iso.

Injiniya: Ke nan ta jagora ce, mai jiran ranar da abu ya ɓaci. Attajirin da ya sayo ta don harbin farko daga nesa, ado ya saya. A nan ban janye ba.

Alhajin Garwa: Wannan kam na bar maka. Na ga baƙon da ya zo da tasa sabuwa fil, an zana mata furanni a jikin ƙarfe. Ya harba na farko, tsoro ya kama shi, ya dinga matsa kunamar gaba da ta riga ta tashi, ya manta akwai ta baya. Jagoran ne ya ƙarasa aikin.