Neman shawara: ina son kai Baba ya ga Taj Mahal kafin mu bar Indiya

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon duk wanda ya san Indiya ya taimake ni da shawara, domin lokaci ya ƙure mini. Ni da ƙanena muna Delhi tare da mahaifinmu, wanda aka yi wa aiki a wani asibiti a nan, kuma cikin ikon Allah an sallame shi, muna masauki muna jiran ganin likita na ƙarshe. Baba tsohon malamin tarihi ne, a makarantun sakandare ya koyar har ya yi ritaya, kuma tun muna ƙanana yake ba mu labarin sarakunan Mughal da suka mulki Indiya, musamman Shah Jahan da ya gina Taj Mahal saboda matarsa Mumtaz Mahal wadda ta rasu a 1631. Ba da sauƙi aka haɗa kuɗin wannan tafiya ba. Sai da aka sayar da filin Baba na bayan gari, yayyena suka yi karo-karo, kuma babban wanmu tun farko Masar ya so a je, shi ya sa har yau duk abin da na kashe sai na rubuta na tura masa lissafi. Ba na son na koma gida a ce na yi almubazzaranci da kuɗin jinya, amma kuma ba zan iya kallon idon Baba in ce masa mun zo har nan ba zai ga ginin da ya shekara yana koyar da tarihinsa ba.

Tafintan da ya taimaka mana a asibiti ya ce zai haɗa mana mota tamu ta kanmu da direba da ɗan jagora mai jin Turanci, a kai mu Agra mu ga Taj Mahal da Ganuwar Agra da tsohon birnin Fatehpur Sikri, mu dawo a ranar, a kan rufi 22,000 na kuɗin Indiya mu uku. Na riga na ba shi rabi kafin alƙalami. Shin kuɗin ya yi daidai? Kuma wurare ukun za su yiwu a wuni ɗaya?

Ɗan Kantin Kwari:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki ki saurare ni, domin na daɗe ina zuwa Indiya sarin kaya kuma wannan hanya na san ta sarai. Wurare ukun za su yiwu, amma da sharaɗin ku bar Delhi ƙarfe uku na dare. Ta babbar hanyar Yamuna za ku bi, wadda ta tashi daga Greater Noida zuwa Agra, kilomita 165, tafiyar gaba ɗaya awa uku ce zuwa huɗu. Ana buɗe ƙofar Taj Mahal rabin awa kafin fitowar rana, kuma duk wanda ya isa bayan ƙarfe tara cunkoson jama'a kawai ya je kallo. Ku shiga ta ƙofar gabas, kowa da fasfonsa a hannu, kada ku ɗauki abinci ko babbar jaka domin masu bincike za su hana.

Abin da ba ki faɗa ba shi ne ko kuɗin tikiti na cikin wannan 22,000. A zuwana na ƙarshe baƙo yana biyan rufi 1,100, da ƙarin 200 idan zai hau ya shiga cikin hubbaren, wato ku uku 3,900 ke nan a Taj Mahal kaɗai, ban da Ganuwar Agra da Fatehpur Sikri. Idan tikiti da kuɗin hanya da na fakin duk suna ciki, ba a cuce ki ba. Idan ba sa ciki, an ɗora miki, ki koma ki rage. Daga Taj Mahal ku wuce Ganuwar, wadda Sarki Akbar, kakan Shah Jahan, ya fara ginawa da jan dutse a 1565, sai ku ci abinci ku kama hanyar Fatehpur Sikri. Duk wanda ya ce miki a rage wuri ɗaya, bai san abin da zai sa ku rasa ba.

Hajiya daga Kaduna:
Allah Ya ba da lafiya mai ɗorewa. 'Yata, ni ɗan jagoran nake jiye miki. Lokacin da na raka maigidana jinya mun yi irin wannan tafiya, kuma rabin wuninmu a shaguna ya ƙare. Mutumin ya gaggauta mu a cikin Taj Mahal, sannan ya kai mu wani wuri wai mu ga yadda jikokin maginan suke dasa duwatsu masu launi a cikin farin dutse, ashe shago ne, aka ba mu shayi aka tsare mu da ciniki, daga nan kuma sai shagon darduma. La'ada suke karɓa a kan duk abin da baƙo ya saya. Maigidana mutum ne mai kunya, ya sayi faranti da tsada don kada a ce ya sha shayin mutane ya tashi, har yau idan na ga farantin nan raina ɓaci yake yi, kuma ba mu samu shiga Ganuwar Agra ba sam. Ki nemi ganin katin shaidar ɗan jagoran na hukumar yawon buɗe ido, sannan ki sa a rubuta miki a saƙon waya cewa babu zuwa shago ko ɗaya.

Ma'aikaciyar jinya:
'Yar'uwa, kin ba mu labarin fili da lissafin wanku, amma ba ki gaya mana wane irin aiki aka yi wa Baba ba, ko yaushe aka yi, ko likita ya san da wannan tafiya. Wannan shi ne abu na farko. Zaman mota na awa bakwai ko takwas zuwa da dawowa ba ƙaramin abu ba ne ga dattijon da bai daɗe da tashi daga gadon asibiti ba. Ba a barin mota mai amfani da fetur ta matsa kusa da Taj Mahal, a nesa ake fakin a hau ƙananan motocin batir, kuma daga ƙofa zuwa ginin akwai tafiyar ƙasa mai tsawo da matakala a ƙarshe. Fatehpur Sikri kuma kusan kilomita 40 ne gaba da Agra, fili ne mai faɗi na dutse, babbar ƙofarsa Buland Darwaza tana kan dogayen matakala. Da ni ce, a Delhi zan tsaya in kai shi hubbaren Humayun, mahaifin Akbar, wanda aka gina wajen 1570, shi ma ginin Mughal ne mai ƙubba a tsakiyar lambu, ya kuma girmi Taj Mahal da fiye da shekara sittin. Cikin awa biyu kun je kun dawo.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi:
Ni shawarata ku bar maganar mota. Akwai jirgin ƙasa mai suna Gatimaan da ke tashi daga tashar Hazrat Nizamuddin da misalin ƙarfe takwas na safe, ya isa Agra cikin awa ɗaya da minti arba'in, da kujeru masu daɗi da ban-ɗaki, har abin karyawa ake bayarwa. Tsoho zai fi samun sauƙi a ciki. Sai ku ɗauki mota da ɗan jagora a can, da yamma ku dawo a jirgin.

Mai neman shawara:
Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Aikin gwiwa aka yi masa, kuma likita da kansa ya ce ya riƙa tattaki kullum, yanzu haka yana tafiya da sanda a harabar masauki, saboda haka ban ga cewa tafiyar za ta gagare shi ba, ga ƙanena kuma ƙaƙƙarfa ne zai riƙe shi. Hajiya, na ji maganarki, amma wannan tafinta ba haka yake ba. Shi ya tsaya mana wajen rajistar baƙi, shi ya nemo mana masauki mai ɗakin girki, ranar da aka shiga da Baba ɗakin tiyata tare da mu ya kwana. Ba zan iya ce wa irin wannan mutum ya rubuta mini sharaɗi ba. Maganar hubbaren Humayun kuwa, Baba Taj Mahal yake ambato, ba wani wuri ba. Jirgin ƙasa ba zai yiwu ba tunda na riga na biya rabin kuɗin mota. Ranar Alhamis za mu ga likita, Asabar jirginmu zai tashi, don haka Juma'ar nan kaɗai muke da ita, kuma ina tsoron tashin ƙarfe uku a wannan sanyi na Janairu.

Ɗalibi a Greater Noida:
Yaya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma ranar Juma'a Taj Mahal a rufe yake ga masu ziyara, kowane mako. Jirgin Gatimaan ma ba ya zuwa ranar. Ana buɗe masallacin da ke ciki domin sallar Juma'a, sai dai hukumar Agra ta taƙaita shiga ga mazauna garin masu katin shaida, kuma Kotun Ƙolin Indiya ta ƙi soke wannan umarni a 2018. Fasfon Najeriya ba zai shigar da ku ba. Duk mai harkar kai baƙi Agra ya san wannan, shi ya sa ya kamata ki tambayi tafintan yadda aka yi ya karɓi kuɗin Juma'a.

Abu na biyu, a watan Janairu hazo yakan rufe hanyar Yamuna da asuba har direba ba ya ganin motar da ke gabansa, kuma ana yin munanan haɗurra a kanta a irin wannan lokaci. Ko kun isa lafiya, sau da yawa ginin kansa ba ya fitowa sai rana ta ɗaga. Idan lallai Juma'ar ce, akwai abin da za a iya yi. Ganuwar Agra tana buɗe, kuma daga hasumiyar Musamman Burj ana hango Taj Mahal, a wannan fada Aurangzeb ya tsare mahaifinsa Shah Jahan daga 1658 har rasuwarsa a 1666, wanda na tabbata Baba ya fi mu sanin labarin. A ƙetaren kogin Yamuna akwai lambun Mehtab Bagh da ke fuskantar ginin daidai, kuma a wannan gaɓar akwai hubbaren Itimad-ud-Daulah da Nur Jahan, matar Sarki Jahangir, ta gina wa mahaifinta tsakanin 1622 da 1628, ƙarami ne, babu doguwar tafiya. Amma gani ne daga nesa, ba shiga ba, kuma kuɗin ya kamata ya ragu.

Ɗan Kantin Kwari:
Rufewar Juma'a na san da ita tun kafin wannan yaro ya zo karatu, ban ambata ba ne domin ba a faɗi rana ba. Amma hangen Taj Mahal daga ƙetaren kogi ba shawara ba ce, mutum bai isa ya ce ya gani ba sai ya tsaya a gindinsa ya ga ayoyin Alƙur'ani da aka dasa da baƙin dutse a jikin ƙofofin. Mafita ɗaya ce. Ki kira asibiti a mayar da ganin likita Juma'a, su suna aiki ranar, ku tafi Agra Alhamis da asuba kamar yadda na tsara miki. Hazo kuwa direbobin can sun saba da shi, ni ma na sha bin hanyar cikin hunturu ban ga komai ba sai alheri.

Ma'aikaciyar jinya:
Alhaji, da girmamawa, ba a ɗaga ganin likita na ƙarshe zuwa jajiberin tafiya saboda yawon buɗe ido. A wannan zama ne ake duba ɗinki, a rubuta magungunan da za a tafi da su, a ba da takardar izinin hawa jirgi, kuma idan aka ga wani abu ana bukatar kwana ɗaya a hannu. Wanda aka yi wa aikin gwiwa yana cikin haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa idan ya daɗe a zaune, ga doguwar tafiyar jirgin sama tana jiransa Asabar. Tattaki a harabar masauki daban, wuni guda a mota daban. 'Yar'uwa, ki gaya wa likita ainihin nisan tafiyar, ki ji abin da zai ce.

Malam daga Zariya:
Allah Ya ba mahaifinki lafiya. Tunda Juma'a ce, me zai hana ku kai shi babban masallacin Delhi, Jama Masjid, wanda shi dai wannan Shah Jahan ya gina tsakanin 1650 da 1656? Ya samu sallar Juma'a a ginin Mughal, ga Jar Ganuwar Delhi tana kallonsa, ita kuma tana buɗe ranar Juma'a. Matakalar masallacin tana da tsawo, sai ƙanenki ya riƙe shi a hankali, ku je da wuri kafin cikowar jama'a.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi:
Ni abin da ya dame ni shi ne kafin alƙalamin. Ƙanin mahaifiyata haka wani tafinta ya yi masa, ya kyautata masa har ya saki jiki, ya karɓi kuɗin canjin tikitin jirgi, daga ranar wayarsa ba ta ƙara shiga ba, muka yi ta aika kuɗi daga gida. Akwai rasit a hannunki? Kin san sunan kamfanin motar?

Mai neman shawara:
Babu rasit, domin tsakanina da shi amana ce, kuma ina roƙo a daina kwatanta shi da waɗanda suka cuci wasu. Na kira shi yanzu, ya ce bai manta da Juma'a ba, yana da wanda ya sani a Agra, zai yi magana da shi ya kira ni da daddare. Ɗaga ganin likita ba zai yiwu ba, domin likitan namu ranar Alhamis kaɗai yake ganin waɗanda aka sallama. Malam, na gode da shawarar masallaci, amma idan na soke tafiyar ban san yadda zan rubuta wa wanmu rufi 11,000 a cikin lissafi ba, kuma ban gaya wa Baba komai ba tukuna. Akwai wanda ya san abin da ake biya idan aka ɗaga tikitin jirgi daga Asabar zuwa Litinin, mu uku? Bizarmu tana da sauran lokaci.

Ɗan Kantin Kwari:
Wannan ya danganta da kamfanin jirgin da irin tikitin da aka yanka muku, ba ki kuma faɗi ko ɗaya ba. Idan kun ɗaga, kada ku je Lahadi, mutanen Indiya ne suke cika wurin a ƙarshen mako. Ni dai har yanzu Alhamis nake gani.