Ƙarancin ma'aikata da horo a aikin kashe gobara a Kano: abin da masana suka ce

Tsofaffin 'yan kwana-kwana da suka tattauna matsalar sun fi dagewa a kan direbobi. Direba shi ne mai sarrafa famfon mota, don haka a koya wa aƙalla mutum 2 tuƙi da famfo a kowane rukunin aiki. In ba haka ba, ranar da direba ya kwanta rashin lafiya, mota na cike da ruwa amma ba ta fita.

Horo kuwa, ba sai an jira kuɗin kwas ba. Atisayen minti 30 kullum da safe ya wadatar: shimfiɗa mesa, haɗa ta, kafa tsani. A riƙa maimaita wa sababbi cewa wutar fetur kumfa take so, ruwa yaɗa ta yake yi. Kada kowa ya shiga hayaƙi ko rijiya shi kaɗai, ko ba tukunyar iskar numfashi, wadda da ƙyar take kai minti 30 ana aiki.

Hutu a ba da shi da damina, ba da hunturu ba. Sannan a horar da masu gadin kasuwannin Kantin Kwari da Sabon Gari, tunda lungunan kasuwa ba sa shiguwa da mota.