Karyarmu tana amayar da magani, gyambo kuma ya ƙi warkewa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aikin sa kai a wani gidan kula da dabbobi kusa da Agege, nan Legas. Makonni 3 da suka wuce aka kawo mana karnukan tsere 2 irin na Turawa, girehawun, da mai su ya yasar. Namijin ya farfaɗo, macen ce ta hana ni barci.

Likita ya ce ciwon kaska ne, ya rubuta doxycycline na kwana 28. Da na ba ta, ba a minti 10 sai ta amayar. Na ɓoye ƙwayar cikin dafaffiyar hanta, na gwada shinkafa da romon kaza, duk a banza. Dasashinta ya yi fari fat.

Irinsu dama ba su da kitse, fatarsu kuma sirirya ce, shi ya sa kwanciya ta fasa mata gyambo a ƙugu. Ina juya ta duk bayan awa 3, amma damshin Legas ya hana wurin bushewa, in aka ɗauke wuta kuma fanka ta tsaya, sai ta kama haki.

Don Allah wa ya taɓa jinyar irin wannan? In roƙi likita ya mayar da maganin allura ne? Kuma me zan shimfiɗa mata?