Shawarwarin fadarmu kan mantuwa

Daren Asabar bayan Isha'i, a fadarmu ta Tawa, hira ta karkata ga masu komawa karatu da girma. Wani dattijo mai sayar da albasa ya ce shi kam kansa ya zama rariya: abin da aka koya masa da marece, kafin asuba ya tsiyaye.

Wani malami da ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam ya ce, "Baba, ba laifin tsufa ba ne kaɗai." Ya kawo labarin Bajamushe Hermann Ebbinghaus, wanda ya riƙa haddace gaɓoɓi marasa ma'ana yana gwada kansa, ya wallafa sakamakon a 1885. Ya gano mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, daga baya ta lafa. Saboda haka a waiwayi darasi tun ranar, a sake washegari, a sake bayan kwanaki, ba a tara shi dare guda ba. Almajiran allo sun daɗe da sanin wannan, ai tilawa ke nan.

Shawarar da ta fi kama ni ita ce ta rufe littafi ka tambayi kanka. Yawan maimaita karatu na sa mutum ya ɗauka ya iya, alhali ido ne kawai ya saba da shafin.

An ce kuma a gutsuttsura abu, kamar yadda muke faɗin lambar waya bibbiyu. Da aka zo kan barci, cewa yana zaunar da abin da aka koya, sai mai dafa shayi ya sunkuyar da kai, don na uku ke kan gawayi.