Neman kalma: "neuroprotectant" da "peptide"

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum. Gobe ƙarfe 8 za mu naɗi shiri kan nerinetide, allurar da aka gwada a kan masu shanyewar ɓarin jiki, irin wadda gudan jini ke toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Kalmar "neuroprotectant" da ake kiran ta da ita, na fassara ta da rigakafin ƙwaƙwalwa. Ya yi?

Likita: Goge rigakafi, hajiya, sai jijiya ta toshe ake yin ta. Tsakiyar wurin da jini ya yanke ya riga ya mutu. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa na gefe, masu samun ɗan jini, su ake son riƙewa kafin a zaro gudan. Ni garkuwar ƙwaƙwalwa zan ce.

Mai harhaɗa magunguna: Garkuwa ta riga ta zama ta garkuwar jiki, mai sauraro zai rikice. Sa "maganin tokare ƙwaƙwalwa", kamar katangar da ta rinjaya aka sa mata itace kafin magini ya zo. Kuma ki jaddada gwaji ne. A gwajin ESCAPE-NA1, wanda jami'ar Calgary ta Kanada ta jagoranta, sakamako ya fito 2020: mutum 1,105, miligiram 2.6 kan kowane kilo, ta jijiya cikin minti 10. A dunƙule bai fi allurar bogi ba. Waɗanda aka ba alteplase, maganin narkar da gudan jini, sinadarin plasmin da yake tayarwa a jini ne ya daddatsa nerinetide ɗin.

Malamin Hausa: Ya daddatsu ne saboda "ɗan carbi" ne, abin da kuke kira "peptide". Amino asid, tubalan furotin, guda 20 a jere, ai carbi ke nan. Na daɗe ina cewa a daina feftayid.

Likita: Malam, a ce allurar ɗan carbi a rediyo? Wallahi za a ɗauka rubutu ne. Guntun furotin ya wadatar.

Malamin Hausa: Furotin Hausa ce? Ku 'yan boko Turanci kuke yi da bakin Hausa.

Ɗan Maraɗi: Mu nan shanyewar ɓarin jiki ma AVC ma'aikatan asibiti ke cewa, da Faransanci. Ba kowace kalma ce sai Kano ta sa mata hannu ba.

Malamin Hausa: Wa ya ambaci Kano?

Mai shirin rediyo: Ku yi haƙuri, iyayena. Na ɗauki tokarewa da guntun furotin. Carbin zan sa a matsayin misali.

Malamin Hausa: Misali kawai? To, Allah ya kai mu goben.

Mai harhaɗa magunguna: Kar ki manta ki ce a garzaya asibiti, alteplase awa 4 da rabi gare shi.