Don Allah shawara: in bar yarona ya riƙa hita wasa waje, ko in ci gaba da tsare shi gida?

Maman Abdul:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ina wuninku. Ni nan Maradi nike unguwar Zariya, ina da yaro ɗan shekara 9 yana CE2, aji huɗu na firamare. Tun yana ƙarami ba mu barinshi hita saboda gidanmu bakin hanya yake, ga 'yan kabu-kabu ga adaidaita, kuma babanshi ya ce ba ya so ya kwaso zagi da halin banza a titi. To rayuwarshi dai lakwal, daga nan islamiyya, bayan magariba mai kur, wato malamin ƙarin karatu a gida, ya zo, in an samu ɗan sarari sai in miƙa mishi portabul ɗina ya zamna shiru. Karatu ba laihi wallahi yana ƙoƙari. Amma satin da ya wuce mushensu ya ja ni gehe ya ce Hajiya yaronki in an hita rekireyasiyo jikin iccen bedi yake tsayawa rungume da jakarshi har a buga ƙararrawa, ba ya shiga cikin yara, in wani ya ɗan ture shi sai kuka. Maganar nan ta tsaya mini a rai kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Shin wasan waje ɗin nan yana da amfanin da har zan yi gardama da maigida a kanshi?

Mushe Issa:
Wa alaikumus salam Maman Abdul. Ni malamin firamare ne, na daɗe ina riƙe da CE da CM, wato aji uku zuwa shida, kuma wallahi irin yaronki duk shekara sai na samu ɗaya ko biyu a aji. Ki gwada tsayawa ki kalli yara suna shirin langa kafin ma a fara. Sai sun raba ƙungiya biyu, sai an yi gardamar wa zai zama ruwa, sai an ja layi a ƙasa an ce nan ne wurin sha, wani ya ce bai yarda ba layin ya yi kusa da su, a goge a sake ja. Babu babba ko ɗaya a wurin, su ne alƙalan kansu. Sannan kowa ya kama babban yatsan ƙafarshi ta baya ya riƙa tsalle da ƙafa guda, a kada shi ya ci ƙasa, ya tashi ya kakkaɓe wando ya koma gehe yana jiran zagaye na gaba. To abin da yaro ya koya cikin minti ashirin ɗin nan, haƙuri da jiran layi da yadda ake faɗin ban yarda ba ba tare da an kai hannu ba da yadda ake shan kaye a dawo gobe, ni ba ni da darasin da zan rubuta a tabulo ya shiga kanshi haka. Wanda bai saba faɗuwa cikin tsaranshi ba shi ne wanda in ya samu 4 bisa 10 a dikte zai kifa kai a tebur ya ƙi cin abinci.
Kuma ko don karatun ma, 'yan ajina da suka dawo da gumi su ne ke zama su saurare ni. Hukumar lahiya ta duniya OMS cewa ta yi yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 kullum yana motsa jiki sosai. Ki lissafa na Abdul ki gani.

Baba Alhaji na Bagalam:
Ɗiyata Allah shi yi miki albarka da kika damu. Mu lokacinmu in farin wata ya hito dandali cika yake, mata na gaɗa, mu muna kokowa cikin rairai kowa na cewa shi ne Kantu, don shi ya kawo ma Maradi takobin gasar kokowa ta ƙasa a 1975 daga Tawa. Da rana kuma mu samu karan dawa mu ɓare mu ƙera mota har da tayoyi, mai wayo ya sa mata ƙofa mai buɗewa. Abokan da na yi a wurin har yau su ne muke gaisawa a zaure. Mijinki na da gaskiya kan tarbiyya, amma kada ki tunkare shi da gardama, ki ce mishi ranar hutu ya ɗauko tabarma ya zamna ƙofar gida yaron na wasa gaban idonshi. In ya gani da kanshi zai sauko.

Ummu Hadiza:
Baba ka yi haƙuri amma zamaninku da namu ba ɗaya ba ne, lokacinku mashin nawa ke gari? Ni ba zan ce ma Maman Abdul ta buɗe ƙofa kawai ba. Nawa yaron bara da damina ya bi abokai wanka a tabki ban sani ba, sai da na ga jini cikin fitsarinshi, aka ce tsargiya ce, mun sha magani mun sha tashin hankali. Ɗan maƙwabciyata kuma balo ya bi zuwa titi mai kabu-kabu ya kwashe shi, Allah ya taƙaita karaya ce a hannu. Amma duk da haka ban kulle shi ba, don na gwada kullen sati biyu yaron ya koma kamar ba shi ba, sai faɗa da ƙannenshi da kwanciya gaban tele. Abin da muka yi mu mata huɗu a lungunmu, akwai wani kango da mai shi bai gina ba muka roƙi izini, muka sa aka share kwalabe da ƙaya, bayan la'asar yara su taru can, kullum ɗayarmu ke zama bakin wurin da tsintar wakenta ko saƙarta. Ana kiran magariba kowa gida.

Majo Rabi:
Ni ma'aikaciyar lahiya ce bari in ƙara abu guda da mutane ba su cika sani ba, wato ido. Yaron da ke wuni cikin ɗaki idonshi kan kayen rubutu ko portabul ya hi shiga haɗarin ciwon rashin hangen nesa, wanda sai ya matso gaba yake ganin rubutun tabulo, kuma hasken waje yana rage wannan haɗarin. A ƙasar Taiwan da matsalar ta yi musu yawa tun 2010 suka sa makarantu su riƙa hitar da yara waje awa 2 a rana. Ba sai cikin rana tsaka ba, inuwar icce ma ta hi ɗaki haske nesa ba kusa ba. Mu dai namu a kiyaye zahi, watan Afrilu da Mayu da ake wuce digiri 40 a bari sai rana ta yi sanyi, a ba shi ruwa ya sha kahin ya hita, takalmi a ƙafa, kuma maganar tabki Ummu Hadiza ta gama ta. Ƙujewar gwiwa kuwa kada ta tada miki hankali, ruwa da sabuli sun isa.

Maman Abdul:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Baba na bi shawararka, jiya lahadi babanshi ya zamna ƙofar gida da shayinshi, Abdul ya hita ya tsaya jikin bango kusan rabin awa yana kallon yaran lungu suna balo da takalma a matsayin raga, ni ina leƙe ta ƙofa zuciyata na bugawa. Can wani ƙaramin yaro ya ce kai zo ka tsare mana gida, ya je, aka zura mishi uku amma bai yi kuka ba, ya dawo da ƙura har gira yana ba ni labarin guda da ya tare. Babanshi bai ce komi ba tukuna, sai dai ya ce a rage kur ɗin ya koma kwana uku a sati. Ummu Hadiza don Allah ya kuka yi da mai kangon, kuɗi kuka ba shi ko roƙo kawai? Akwai irinshi bayan gidanmu.